Hatimin Kawu Kung

Shekara talatin da ɗaya Kung Te-hai ya yi yana raba wasiƙu a unguwar Bayan Kasuwa da ke gefen birnin Taipei. Kafin ya yi ritaya ya san unguwar kamar yunwar cikinsa, har da wanda kowane gida zai zaɓa. Layinsu na 'ya'yan tsofaffin sojojin da suka ƙetaro daga babban yankin Sin jam'iyyar shuɗi suke yi tun kakanni. 'Yan kasuwa jam'iyyar kore suke yi, ko da kare aka tsayar musu. Mutanen da suka dawo daga ƙasar Bama mai maƙwabtaka da Sin suna bin wanda ya gyara musu kwata. Matan Indonesiya da Vietnam da aka auro kuwa ba mai lissafi da su, sai ka ce inuwa.

Wannan sanin ne ya sa Mai Unguwa Tao ya riƙe shi hannu biyu. Zaɓe biyar Kung yana bin gida gida yana haɗa masa kan layinsu, ana kiransa Kawu Kung, ana zuba masa shayi kafin kowa. Da matarsa ta rasu, ɗansa kuma ya tare a Shanghai, wannan girman kaɗai ya rage masa a duniya.

Sai ga Sumarni ta fito takarar mai unguwa. 'Yar tsibirin Java ce na Indonesiya, mai shagon ɗinki, shekara sha tara da aure a unguwar, ta kuma samu katin ɗan ƙasa. Lokacin da matar Kung ta kwanta shekara biyu ba ta iya juyawa, ita ce take rufe shago da rana ta zo ta yi mata wanka. Tao kuwa furanni ya aiko ranar jana'iza, da sunansa a jiki ɓaro-ɓaro.

"Kawu, ka ji mai ɗinki za ta mulke mu?" in ji Tao a wurin shayi. "Gobe sai ta auna mu ta ɗinka mana zani."

Aka yi dariya, Kung ma ya yi, kuma dariyar ta yi ta damunsa har kwana uku. Ya ci gaba da yi wa Tao yawo kamar kullum, amma a ransa ya riga ya yanke shawara. Ai bayan labulen rumfar zaɓe ba mai ganin kowa.

Ranar Asabar ta zaɓe ya je rumfar da ke makarantar firamare da katinsa da hatiminsa na dutse mai ɗauke da sunansa. Ya buga hatimin a rajista, aka miƙa masa ƙuri'a. Cikin rumfar akwai tambarin hukuma, wanda da shi kaɗai ake dangwalawa. Kung ya faɗa wa tsofaffi wannan ya fi sau ɗari. Amma a ranar gani yake kamar ubansa na leƙensa daga kabari. Ya dangwala wa Sumarni da abin da ke hannunsa, ya ninke, ya jefa, ya fito yana jin ya sauke kaya.

Ƙarfe huɗu aka fara ƙidaya a gaban jama'a. Kowace ƙuri'a sai an ɗaga ta sama kowa ya gani. Can wajen tsakiya malamar da ke ƙidaya ta ɗaga wata ta ce, "Lalatacciya. An buga hatimin suna."

Wakilin Tao ya matso, ya gyara tabarau, ya karanta da ƙarfi yadda na baya za su ji: "Kung Te-hai. A gurbin sunan mai ɗinki."

Kowa a ajin ya zuba wa Kung ido. Tao ya juyo a hankali yana murmushi. "Kawu, ai da ka faɗa mini, da na raka ka da kaina."

Sumarni ta sha kaye da ƙuri'a arba'in da ɗaya, tasa ko a lissafi ba ta shiga ba. Ba tsuntsu ba tarko. Mutanen layinsu, waɗanda ya yi shekaru yana karanta wa iyayensu wasiƙa, suka koma tsallaka titi in sun hango shi. 'Yan kore ma ba su karɓe shi ba. Wani mai kifi a cikinsu ya ce, "Tsoho, kai ko cin amana ba ka iya ba."

Duk wannan ya shanye, don yana ganin akwai mutum ɗaya da ta san dalilinsa. Abin da bai sani ba, magana ta riga ta zaga kasuwa: wa zai buga sunansa a ƙuri'a in ba shaida yake bai wa wanda ya saye shi ba? Har an fara cewa a binciki shagon Sumarni.

Bayan mako guda ya ɗauki wando mai ɓallallen maɓalli, don dai ya samu hujjar zuwa shagon. Sumarni ta tare shi a bakin ƙofa, idonta na kan titi.

"Kawu, na san ba da gangan ka yi ba. Amma shekara sha tara ina wanke sunana a unguwar nan, yanzu yarana ake tambaya a makaranta nawa na biya ka." Ta karɓi wandon, ta duba, ta mayar masa. "Akwai wani tela a bayan tasha. Don Allah ka daina zuwa nan, ana kallonmu."