Wata Huɗu Suna Kallon Ƙeyata

Yau da safe a hanyar Gubi kocinmu ya karanto sunayen masu zuwa gudun fanfalaki na Legas. Babu nawa.

Ni ke jan rukunin masu son gamawa cikin awa huɗu. Ba ni da agogo mai ajiye lissafin gudu, da numfashina nake auna taku, masu agogon suna bina a baya.

Na ce, "Oga, an tsallake ni."

Ya ce, "Sai wanda agogo ya shaida. Ina taka shaidar?"

Na ce, "Ga su nan tsaye. Wata huɗu suna kallon ƙeyata."

Kowa ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi.

Gobe ma zan fito, amma ni kaɗai. Jama'a, da ku ne za ku sake ja musu gaba?