Ranar Da Defu Ya Ɗaura Bel

Duk tashar motar garinmu babu wanda bai san Luo Sulan mai taliya ba, kuma babu wanda ya taɓa cutarta ya sha. Mace ce da ba ta yarda da kowa ba. Idan mahauci ya auna mata nama, sai ta zaro nata sikelin daga jaka ta sake aunawa a kan idonsa. Idan ka yabi miyarta, sai ta ƙura maka ido tana neman abin da ya kawo ka. Ko murmushi ka yi mata da safe, wuni za ta yi tana juya shi a rai. Abu ɗaya ne tak ba ta taɓa zargi ba a rayuwarta, shi ne hannun mijinta a kan sitiyari.

Mijin nata, Pang Defu, direban ƙaramar bas ne tun yana saurayi. Yana jigila tsakanin garinmu na kan dutse da babban gari da ke can ƙasa, a hanyar nan mai kwana-kwana wadda idan kana gangarawa dutse na hagunka, rami na damanka. A wurinmu kuwa ɗaura bel a gaban direba zagi ne, kamar ka ce masa a fuska ba ka yarda da tuƙinsa ba. Defu ya fi kowa riƙe wannan. Ya sayi kawunan bel na bogi ya cusa a kowace kujera don motar ta daina yi masa ƙara. An taɓa yin wani ɗalibi da ya dawo daga birni ya jawo bel, Defu ya taka birki a tsakiyar hanya ya ce masa ya zaɓa, ko shi ko igiyar. Har auren Sulan ma a kan haka aka ba shi. Mahaifinta ya shiga gaban motar, ya ɗora hannuwa a gwiwa, bai riƙe komai ba har suka sauka dutsen, ya fito ya ce yaro ya yi. Sulan takan ba da labarin nan tana zuba wa mutane yaji a kwano, ita da ba ta yabon kowa.

To, ran nan da safe ta je zubar da shara, sai ga kawunan bel ɗin nan duka a cikin bokiti, an rufe su da ɓawon kabeji. Wanda zai yar da abu ai ba ya rufe shi. Ta leƙa tasha, ta ga Defu ya ɗaura bel, har yana juyawa baya yana cewa fasinjoji kowa ya ɗaura nasa. Sauran direbobi suna ta tsokanarsa, wai Tsoho Pang ya fara tsoron mutuwa. Ga shi kuwa ’yarsu ɗaya tilo, Yanli, cikinta ya tsufa, kuma an riga an tsayar cewa uban ne zai gangara da ita asibitin babban gari kafin naƙuda ta zo. Sulan ta ƙudura a ranta cewa yarinyar ba za ta taka motar nan ba sai ta san abin da ya canza mutumin.

Da ta tambaye shi, sai ya ce kyamarorin ’yan sanda ne suka yi yawa. Ƙarya ce, kuma ta san ƙarya ce. Kyamarorin sun daɗe a hanyar, shi ne ma ya koya wa yaran tasha yadda ake yafa bel a ƙirji ba tare da an maƙala shi ba. Ta ƙara masa romo a kwano.

Farkon abin da ya zo mata a rai mace ce. Akwai wata sabuwar malamar makaranta, ’yar birni, da ke yawan zama a gaba, kuma irinsu ne masu wannan iyayi. Sulan ta shinshina kujerar, ta laluba ƙarƙashinta, ta bi malamar da kallo har baiwar Allah ta daina cin taliya a rumfarta. Ba ta samu komai ba sai ɓawon ’ya’yan kabewa. Daga nan ta koma kan birki. Ta kai wa makanike kwano shaƙe da nama, abin da ba ta taɓa yi ba, ta yi ta jan sa da hira. Ya rantse mata motar lafiyarta ƙalau, sai dai ya shafe wani dogon karce a gefen dama kwanakin baya, Defu ya ce kada ya gaya wa kowa.

Karce a motar Defu! Nan ta bar motar ta koma kallon mutumin. Ta ga yana tsiyaya shayi a gefen kofi sannan ya gyara hannu. Ta ga idan an yi masa magana daga dama sai ya juya kansa gaba ɗaya. Ta ga ya daina ɗaukar lodin yamma, wai bayansa na ciwo, shi da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi fita ba. Ta ajiye masa tsinken cin abinci a damansa da gangan, ya yi ta lalube a kan tebur yana mita. Ranta ya ɓaci, tsoro kuma ya fi ɓacin ran yawa.

Washegari ta bar wa maƙwabciya rumfa, ta zo kafin a fara lodi, ta buɗe gaban motar ta zauna. Ta ɗora hannuwa a gwiwa, yadda mahaifinta ya yi.

“Baban Yanli, kai ni babban gari. Barkono zan saro.”

“To ɗaura bel.”

“Ban taɓa zaginka ba, ba yau zan fara ba. Tayar mu tafi.”

Ya ce doka ce. Ta ce dokar ta girmi jiya. Ya ce ta bar rigima da sassafe, mutane na kallo. Ta ce su kalla, ita dai mijin da aka ba ta ba ya buƙatar igiya. Ya sa makulli, hannunsa na kai, amma ya kasa murɗawa. Suna nan zaune har gilashin ya yi gumi.

Can ya yi magana, bai dube ta ba. Ya ce yanar ido ce ta taso masa a na dama tun bara, yanzu bakin hanya kamar ta cikin hayaƙin tukunya yake ganinsa. Ya ce ranar da ya yi karcen nan, a kwanar da ke bayan gada, ƙarfen bakin rami ne ya tare su. Wata tsohuwa da ke gaba goshinta ya bugi gilashi, ya kai ta aka ɗinke, ya roƙe ta ta rufa masa asiri. Da bel a jikinta ko ƙwarzane ba za ta yi ba. Tun daga ranar ya kasa jure ganin mutum a kujera babu bel.

“Shi ne za ka ɗauki Yanli da cikinta ka bi kwanar nan da ido ɗaya?”

“Zan ɗaura mata da hannuna. A hankali zan tafi.”

“Bel na abin da ba ka san zai zo ba ne, tsoho. Kai kuwa ka san naka.”

Ya ce idan tasha ta ji, ya gama, babu wanda zai sake shiga motarsa. Ta ce ta sani. Ta miƙa hannu ta zare makullin, bai hana ta ba. Kuka ya taso mata, amma ta haɗiye, don ’yan tasha ba su isa su ga hawayenta ba.

Ranar tafiyar, Meng aka kira ya ja motar, wani matashin direba da Defu ya daɗe yana yi wa ba’a cewa tuƙin amalanke ya iya. Sulan ba ta yarda da shi ba, shi ma sai da ta sa ya karanto mata rubutun allon da ke ƙetaren titi. Ta riga ta gaya wa kowa cewa marasa lafiya biyu za a kai asibiti, mai ciki da mai ido, don ta gwammace ta faɗa da bakinta a kan a tsinta a gulma. Defu ya zaunar da ’yarsa a baya, ya zagaya mata bel ta ƙasan ciki, ya gyara ya sake gyarawa har ta ce, “Baba, ya isa.” Sulan ta zauna kusa da ita, ta ɗaura nata karon farko a rayuwarta, tana ƙunƙuni wai abin ya matse ta.

Sannan Defu ya zagaya ya shiga gaba, kujerar da bai taɓa zama a kanta ba a motarsa. Direbobin tasha sun taru suna kallo. Ya jawo bel ya maƙala, ƙarar ta fito sarai. Fuskar Meng ta canza nan take.

“Kawu Pang, har kai? Ko tayar da mota ban yi ba.”

“Ji haushinka, yaro, amma ɗaura naka,” in ji Defu. “Ni ma na ji irinsa, har na sauke ɗan mutane a hanya. Goshin tsohuwa ne ya biya.”

Meng ya ɗaura yana hura hanci, ya tayar da mota. Sulan kuwa ba ta yarda da ƙarar da ta ji ba. Ta miƙo hannu daga baya ta finciki bel ɗin mijinta da ƙarfi don ta tabbatar ba yafawa ya yi ba. Bel ya riƙe gam. Sai dai ba ta janye hannun ba, yana kan kafaɗarsa ta dama har suka wuce kwanar bayan gada.