Ƙusoshin Baba Tsoho

Kakana na wajen uwa kafinta ne a ma'aikatar ayyuka ta hukumar gari. Baba Tsoho muke ce masa. Idan bikin 'yancin ƙasa ya ƙarato, su ake turawa su kafa rumfar manyan baƙi a filin fareti, su ɗaura tutoci a jikin fitilun titi, su shafe gindin bishiyoyi da farin fenti. Abokan aikinsa kan buga ƙusa sama-sama, tunda bayan biki za a kwance komai. Shi kuwa sai ƙusa ta ɓulla ta baya, ya lanƙwashe bakinta da guduma. Suna yi masa tsiya wai ya ɗauka gidan gado yake ginawa, shi kuma ya ce aikin da iska za ta ɗauke ba dai da hannunsa ba.

Na girma ina jin wannan a matsayin yabo. Sai bara, ranar hutun bikin, muna ninke wanki da Inna, ƙanwar mahaifiyata, na ƙara sautin talabijin don in ji badujalar sojoji. Ta ce in rage. Na tambayi dalili, ta dube ni ta ce ai na girma.

Wata shekara, in ji ta, aka ce baƙin ƙasashen waje za su bi ta babban titi, kuma ba a so su ga unguwarmu da kwatocinta. Aka sa a kafa katangar kwano a gefen titin, a yi mata fenti da launin tuta. Bakin lungunmu, hanya ɗaya tilo da mota ke shiga, ya faɗo a rabon Baba Tsoho. Da hannunsa ya toshe shi, ya dawo gida yana ba mutane haƙuri, wai su riƙa zagayawa ta siririyar gadar katako ta bayan kasuwa.

Mama, mahaifiyata, tana gidansa a lokacin, da tsohon ciki. Da safiyar bikin naƙuda ta taso mata, jini ya ɓalle, ungozoma ta ce sai asibiti. Gadar nan ba ta ɗaukar mai ɗauke da mutum. Aka samo tasi, ta tsaya a ɗaya gefen katangar, ana jin ƙarar injinta. Mazan unguwa suka taru suna dukan kwano, ko gezau. Aka ruga filin fareti aka kira Baba Tsoho. Ya zo ba hula, ya durƙusa yana miƙe ƙusoshinsa ɗaya bayan ɗaya, ɗan sanda na zuba masa kulki a baya wai yana ɓata kayan gwamnati. Bai ko waiwaya ba.

Ko da kwanon ya buɗe, an riga an tare titi, jerin motocin baƙi na wucewa, 'yan makaranta na kaɗa musu tuta. Sai da suka ƙare tas aka bar tasin ta tashi.

Na ce ai alhamdu lillahi, ga Mama nan da ranta.

"Ita ta tsira," in ji Inna. "Namiji ne. Ba ke ce ta fari ba."

Rigar da ke hannuna ta suɓuce. Na tambaye ta me Baba Tsoho ya yi bayan nan. Ta ce washegari, daga maƙabarta ya wuce wurin aiki, domin su aka sa kwance katangar.