Kyautar Kan Burtu

Ni dai ƙafata ba ta san zama ba. Matata kan ce ko a coci ba na iya sauraron wa'azi har ƙarshe ban leƙa taga sau goma ba, kuma ba sharri ta yi mini ba. Malamin firamare ne ni a Birnin Gwari. Nan aka haife ni, bayan iyayena sun taso daga kudancin Kaduna neman ƙasar noma. Abin da ya hana ni sakat tun ina saurayi shi ne ɗaukar hoton tsuntsaye. Ina da wata tsohuwar kyamara 'yar gwanjo wadda ba ta jawo abu daga nesa, sai ka matsa kamar za ku gaisa.

A da, hantsin Asabar ba ya samuna a gida. Babur, gorar ruwa, sai gefen dajin Kamuku. Da daji ya ɓaci, masu bindiga suka mamaye shi, duk wannan ya tsaya cak. Na koma ɗaukar kurciya a kan wayar lantarki da ƙadangare a jikin katanga. Haba! Mutumin da ya taɓa ɗaukar gwanki yana shan ruwa? Na zama kamar kaza mai neman wurin saka ƙwai, in shiga in fita, in goge kyamara in mayar, har matata ta fara kora ta waje da tsintsiya.

Wata damina da abin ya ɗan lafa, na je taya wani ɗan uwana aiki a gonarsa ta wajen Gayam. Da sassafe, rana ba ta gama fitowa ba, na ji wani kuka mai nauyi daga fadama, kamar ana buga ganga a cikin rami. Ɗaya ya yi, ɗaya ya amsa. Na yar da fartanya na bi. A gindin wata kuka da aradu ta tsaga biyu na same su: burtu guda biyu, baƙaƙe wuluk, suna takawa ɗaya bayan ɗaya kamar dattawa za su zaman sulhu. Namijin da jan maƙogwaro, macen da shuɗi. Rabona da ganin burtu har na manta.

Ban gaya wa kowa ba, ko matata. Na san abin da kan burtu yake a wurin maharba. Shi suke ɗaurawa a goshi, su yafa baƙin zane, su yi rarrafe har gaban nama, naman yana zaton tsuntsu ne ke kiwo. Kan kuwa ba a samunsa sai an kashe mai shi. Su biyun nan kaɗai na sani a duk yankin, in labari ya fita sun ƙare. Na ce wa kaina, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Asabar biyar ina zarya. Ba sa ma damuwa su tashi, sai dai su juya mini baya su ƙara gaba a natse, ni kuma in dawo da hotunan ɗigon baƙi a cikin ciyawa. Raina ya yi ta ɓaci. A aji ina rubutu a allo, hankalina yana fadama.

Maƙwabcinmu wani tsohon maharbi ne, aminin mahaifina tun kafin a haife ni. Da Kirsimeti mu kai masa shinkafa, da Babbar Sallah ya aiko mana da cinya. Baba nake ce masa. A zaurensa akwai kan burtu rataye, ya tsufa, fatar ta ƙoƙe, an ɗaure bakin da zare. Wata rana na durƙusa na gaishe shi na ce aron kan nan na zo yi.

“Me za ka harba, ɗana?”

“Hoto, Baba.”

Ya yi dariya har da tari. “A ina?”

“Can dai.”

Bai matsa ba. Ya ɗaura mini shi a goshi, ya sa ni rarrafe a tsakar gidansa. “Sauke ƙugu! Wane burtu ka taɓa gani da gindi a sama? Yi caka. Tsaya. Waiwaya kamar ba ruwanka.” Matan gidan suna ta shewa, ni ko a jikina.

Asabar ta shida na yi rarrafen gaske. Raɓa ta jiƙa ni sharkaf, ƙaya ta yi ta cin gwiwata, tururuwa ta shige mini wando ban isa in sosa ba. Ina caka, ina tsayawa, ina matsawa. Sai ga ni kusa da namijin har ina ganin gashin idonsa, dogaye kamar na amarya. A gefen bakinsa na sama akwai wani ɗan ɓalli, kamar ya taɓa saran dutse. Ya karkata kai ya dube ni. Na danna. Wallahi hoton ya fito tas.

To, a nan ne halina ya ci ni. Na ɓoye wurin kusan wata biyu, amma hoton ko wuni ɗaya ban iya ɓoye shi ba. Da yamma na mayar wa Baba kayansa, ban ma zauna ba na miƙa masa kyamarar. Ya daɗe yana kallo.

“Buɗa mini nan,” ya ce, ya ɗora babban yatsansa a kusurwar hoton.

“Baba, ga tsuntsun nan a tsakiya.”

“Na gan shi.”

Na ɗauka idonsa ne ya yi rauni. Na buɗa masa kusurwar, ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya yi albarka. Na tafi gida ina fito.

Jarrabawa ta riƙe ni Asabar biyu ban je fadama ba. Wata la'asar Baba ya aiko in zo. Na same shi a tabarma ya miƙe ƙafa ɗaya, gwiwar ta kumbura. Ya turo mini wani abu a naɗe cikin tsumma. Na warware. Sabon kan burtu ne, an ɗora shi a kan ice mai lanƙwasa, an naɗe shi da jar fata, ɗinki mai kyau. A gefen bakin na sama ga ɗan ɓallin nan.

“Nawa ya gaji,” in ji Baba, fuskarsa cike da murna. “Ɗan aminina ba zai riƙa yawon aro ba ina raye. Kukar nan da aradu ta tsaga, ni da babanka mun sha cin rogo a gindinta. Ina ganinta na gane. Shekara nawa rabona da rarrafe, dubi abin da ya yi wa gwiwata.”

Ni tsuntsu nake gani a hoton, shi kuwa hanya ya gani. Na so in yi ihu, amma in yi wa wa? Tsoho ya ja gwiwarsa cikin ƙaya saboda ni, kuma ni na buɗa masa kusurwar da yatsana. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Na ce, “Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma.”

Asabar ɗin da ta biyo baya na koma fadama da sassafe, ban ɗauki kyamara ba. Macen tana nan. Ta yi kukan nan mai nauyi, ta saurara. Ta sake yi, ta saurara. Na tsaya har rana ta ɗaga, ba wanda ya amsa mata. Kafin a yi girbi ta bar wurin, ban sake ganinta ba.

Kan yana cikin akwatina, a ƙarƙashin kayan sanyi. Har yau in na wuce zaure zan tafi makaranta, Baba sai ya ɗaga murya: “Ɗana, ka gwada shi kuwa?”

Sai in ce, “Tukuna, Baba.” In ƙara sauri.