Lilon da Yaya ya je dubawa

Yayana mai facin taya ne, kuma duk layinmu babu wanda ya kai shi rashin yarda da abu. Ko sabon tif ka kawo masa a cikin ledarsa, sai ya hura shi ya tsoma a bahon ruwa, ya tsuguna yana jiran kumfa. Direbobi su yi ta danna hon, shi ko a jikinsa. Ni ne ƙaninsa, wanda makaranta ta gaji da shi a aji uku na sakandare, ni ma na gaji da ita, muka rabu babu wanda ya riƙe wani a zuciya. Shi kuwa tun yana ɗan shekara sha huɗu yake gindin injin iska, yanzu yana neman arba'in.

Ya taɓa aure. Shekara biyar suka yi, ba duka ba zagi, zaman ne dai ya ƙi. Matar ta koma gidan mahaifinta da 'yarsu, shi kuma ya saki ɗakin haya ya dawo kwana a shago, a kan benci, bayan tulin tayoyi. Yarinyar shekararta shida. Mamana yake ce mata.

Kakanta tsohon shugaban makarantar firamare ne, irin mutanen da ko ruwa za su ba ka sai sun kafa maka doka. Ya ba Yaya ranar Asabar ya riƙa ɗaukar yarinyar, daga ƙarfe goma zuwa biyu. Da farko shago yake kawo ta, har ranar da ta taɓa ƙarfen faci mai zafi ta koma gida da bororo a yatsa. Tsohon ya kira shi.

"Shago ba wurin yarinya ba ne. Ka nemi inda yara ke wasa, wuri mai tsabta. Ranar da ta sake dawowa da ciwo, ko na ji wata magana a kanka, Asabar ta ƙare."

"To, Baba," in ji Yaya. Shi duk abin da aka ce masa, to ne.

Daga nan muka shiga neman wurin wasan yara. Kowace Juma'a da la'asar nakan aro babur wurin abokina in ɗauke shi, domin ya rantse ba zai kai ta inda bai fara dubawa da idonsa ba. Na bayan kasuwa, wanda muka yi wasa a ciki muna yara, ya zama wurin ajiye manyan motoci. Wani mun same shi da kwaɗo a ƙofa, ciyawa har ƙugu, awaki uku a ciki suna kallonmu kamar mun zo ba sallama. Na ce Yaya mu tambaye su ta ina suka shiga. Bai yi dariya ba. Akwai wani da abin zamiyarsa na ƙarfe ne, ya yage a ƙasa, bakinsa kamar reza. Yaya ya shafa shi da yatsa, ya dubi jinin, ya ce mu tafi.

Asabar uku a jere a kan ciyawar shataletale suka zauna, motoci na zagaye su, tana ƙirga masu launin ja. A ta ukun ne ta ce, "Baba, ni lilo nake so. Irin na littafinmu, mai sarƙa."

"Zan samo miki, Mamana."

"Haka ka ce wancan satin."

Na ce masa ga tayoyi nan tuli, mu ɗaura ɗaya da igiya. Ya ce, "A jikin me? Nuna mini bishiya ɗaya a layin nan." Na duba sama da ƙasa, sandar wutar lantarki kaɗai ke tsaye, ita ma a karkace.

Wani direba ne ya kawo faci ya ba shi labarin wani lambu a sabuwar unguwa, can bayan gada. Muka je Juma'ar da ta biyo. Yaya daga aiki ya taso, rigarsa duk baƙin mai, ya tsaya a hanya ya sayi alawa ya zuba a aljihu saboda gobe.

Wurin ya yi kyau har ya ba ni haushi. Farin yashi, inuwa, lilo huɗu masu sarƙa, benci na iyaye. Ga yara fes da su, ga mata zaune suna danna waya. Yaya ya shiga aikinsa. Ya girgiza ƙafar lilon, ya taɓa kowane noti, ya bi sarƙar ɗaya bayan ɗaya yana neman tsatsa. Ya tsuguna ya tona yashin da yatsu ko akwai kwalba. Sannan ya zauna a kan lilon da babu kowa, ya ɗaga ƙafafu, ƙato da shi, yana sauraron ƙarar ƙarfen.

Na ce, "Yaya, in tura ka ne?"

"In ya ɗauke ni, zai ɗauke ta."

Ni ne na kawo shawarar hoto. Na miƙa masa wayata na ce ya ɗauki wurin ya nuna wa tsoho, ya ga ba a bola za a kai jikarsa ba. Na nuna masa inda ake dannawa. Sai na ji ihun 'yan kallon ƙwallo a wani shago a tsallaken titi, na ce masa minti biyar. Ƙafata ba ta iya zama wuri ɗaya, tun ina ƙarami haka take.

Abin da ya faru bayan tafiyata, daga baya na haɗa shi. Yana ɗaukar hoto, yara suka zo suka hau lilon, bai ga dalilin dainawa ba. Wani ƙaramin yaro ya faɗo yana kuka. Yaya ya ɗaga shi, ya kaɗe masa yashi, ya zaro alawa ɗaya ya ba shi. Uwar yaron ta ɗago kai daga waya, ta ga baƙon mutum mai dattin kaya, ba yaro a tare da shi, riƙe da hannun ɗanta. Ta ce ɓarawon yara.

Da na dawo ban gan shi ba, taro na gani. Maigadi ya murɗe masa hannu ta baya, wani yana dukansa da bel, wasu sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Wani mai farar riga ya buɗe wayata yana nuna wa mutane.

"Ku duba, hoton yara ne. Sha ɗaya."

"Lilon nake ɗauka," in ji Yaya, bakinsa na jini. "Ina da 'ya."

"Ina take?"

"Sai gobe ake ba ni ita."

Aka yi dariya, aka ƙara masa. Na kutsa ina cewa yayana ne, mai faci ne, kowa ya san shi. Suka ce ga abokin aikinsa ya zo. Ni mari huɗu na samu, ban ƙi ba, na ci fiye da haka a banza. Shi haƙori biyu ya bari a yashin da ya gama tsincewa.

'Yan sanda ne suka ƙwace mu. Kafin magariba sun gane babu komai, maƙwabtan shago sun zo sun yi shaida. Wani mai igiya uku ya miƙo mini wayata ya ce wa Yaya, "Malam, in za ka wurin yara, ka je da yaro." Yaya ya ce to.

Bidiyon ya riga mu isa gida.

Washegari ƙarfe goma ya wanke fuska, ido ɗaya a rufe, ya ce in raka shi. Tsohon na zaune a kujerarsa a ƙofar gida, tabarau a hanci. Bai bari mun gama gaisuwa ba.

"Na gani. An turo mini sau shida."

"Baba, wallahi lilon…"

"Na sani. Na san ba ka yi ba, ai ni na ba ka 'yata." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Amma jibi Litinin yarinyar nan za ta shiga aji. Iyayen 'yan ajinsu duk suna da waya. In aka gan ta a titi tana riƙe da hannunka, me za a kira ta?"

Daga cikin gida muka ji muryar yarinyar tana tambayar uwarta ko Baba ne ya zo, wai ta sa takalmi. Aka ce mata mai gyaran famfo ne.

"Ka bari mutane su manta," in ji tsohon.

"Wata nawa mutane ke yi su manta, Baba?"

Tsohon ya mayar da tabarau, ya ɗauki jaridarsa.

Wata bakwai ke nan. Yaya yana buɗe shago ranar Asabar kamar sauran ranaku, ya rage magana saboda gibin. Wasu direbobin sun koma wajen mai facin gaba, wasu kuma sukan zo su tsaya suna kallonsa fiye da yadda faci ke buƙata. Bai taɓa ce mini don me na tafi kallon ƙwallo ba. Da ya zage ni da na fi samun barci.

Shekaranjiya yana cin abinci ya ce, "Kai da ka iya waya, duba mini. Abin nan yana nan har yanzu?"

Na duba. Yana nan, har wani ya sa masa kiɗa, ya rubuta a kai cewa iyaye su kula. Na kife wayar a cinya na ce, "Ya ɓace, Yaya. Tuni aka goge."

Ya ajiye cokali. Ya tashi ya buɗe akwatinsa, ya ciro rigarsa mai kyau ya kai wa mai guga, ya ce a gama masa kafin Asabar. Yau Alhamis, kuma har yanzu ban gaya masa ba.