Mai Aski da Burauza Mai Talla

Da sunan Allah nake farawa. Auta, gyara zama ki rubuta yadda na faɗa. Kada ki gyara mini magana, kuma inda labarin ya biyo ta kanki kada ki tsallake. Labarin babanku zan bayar, don jikoki su san ko wane ne tsohon nan da suke tararwa a falo riƙe da rimot kamar da shi aka haife shi.

Mai aski ne, kuma a haka na aure shi. Shagonsa ɗan ƙarami ne, kujera ɗaya mai juyawa, da benci, da madubi mai tsaga a kusurwa, da fanka mai kuka. Da Allah Ya fara buɗa masa, ni ina zaton katifa zai sake mana, sai ga shi da talabijin a ka. Ita ma ba gida ya kawo ta ba, shago ya kai ta, ya kafa mata dish, farantin nan da ake ɗaurawa a saman rufi. Na yi fushi, na huce, domin daga baya na ga amfaninta. Idan ana shiri, kan mutum ba ya motsi, sai ya yi askinsa lafiya lau. Idan talla ta shigo, sai ya kashe sauti, ya juya kujera, a ɓarke da gardama. Ba mai taɓa rimot ɗin nan sai shi. A aljihun gaban riga yake ajiye shi, tare da mataji.

Da askin nan ya ciyar da ku, ya kai ku makaranta, alhamdulillahi. Sai girma ya zo, hannu ya fara rawa. Ran nan ya ɗan yanki kunnen Saje, tsohon ɗan sandan nan abokinsa. Saje dariya ya yi, ya ce kunnen ma ya daɗe da yi masa yawa. Amma babanku ya wanke almakashi, ya bar wa ɗan ƙaninsa shagon, ya dawo gida da talabijin da benci da zanen da yake rufa wa mutane a wuya.

Wannan lokacin na tsorata. Mutumin da bakinsa ba ya hutawa ya koma zama shiru yana kallon hannunsa. In na kai abinci haka zan ɗauke shi. Ina ta addu'a, sai Allah Ya kawo sauƙi ta inda ban zata ba. Wata rana bayan la'asar aka yi sallama, sai ga Saje da Direba da Tela, tsofaffin masu zuwa shagonsa. Wai sun zo ganin ci gaban shirin da suke bi, na wasu masu kuɗi da ke rigima a kan otel. Suka jeru a benci kamar masu jiran layi. Daga ranar kullum sai sun zo, tsakanin la'asar da magariba. Babanku ya koma taje kai, ya koma cin abinci, har yana cewa gishiri ya yi kaɗan. Na ce a raina, in dai mutanen nan uku suna zuwa, mijina yana nan. In suka daina, Allah kaɗai Ya san abin da zai faru.

Haka muka yi shekaru. Sai dish ya fara rashin kunya. Hadari na haɗowa hoto zai tsaya, matar mai otel ta daskare da baki a buɗe. Mai hawa rufi ya gyara ya ce shi ya gaji da hawa. Daga baya ma tashar ta cire shirin, ta sa ƙwallo a lokacin. A nan kika shigo, ke da kike aiki a shagon waya. Kika ce duniya ta wuce dish, yanzu a intanet ake kallo, abin da mutum yake so a lokacin da yake so. Kika kawo tsohuwar kwamfutarki, kika jona ta da talabijin da wata igiya baƙa.

Ina ƙofar kicin ina ji kina yi masa bayani, wai kafin a shiga intanet sai an zaɓi burauza, wato kamar motar da za ta kai ka can. Uku ne a kwamfutar. Ya sa tabarau ya tambayi halin kowace, kamar mai binciken surukai. Kika ce ɗaya tsohuwa ce, ga nauyin jiki, ga talla kamar ƙudaje. Ɗaya tana da dama-dama. Ta ukun kuwa kika yabe ta har na ce ko 'yar'uwarki ce: ga sauri, tana toshe talla tun daga bakin ƙofa, kuma ba ta barin kowa ya bi sawun mutum.

Ya ce, "Wa zai bi sawuna, ni da daga falo sai masallaci?"

Kika ce ya dai yarda da ke. Ya yarda.

Ranar farko murna kamar an yi haihuwa. Hoto tas, ba daskarewa. Kashi ɗaya na ƙarewa na gaba zai taso da kansa, ba wanda ya roƙe shi. Na kai shayi, na koma na tarar ya huce ba wanda ya kurɓa. Maza huɗu sun yi tsit kamar a ɗakin jiran likita. Babanku na riƙe da rimot, amma ba abin da zai danna. Da can, tallar ƙarshe ce ke tashinsu alwala. Yanzu har aka kira magariba ba wanda ya motsa. Sai da na je na tsaya a gaban talabijin da buta a hannu, na ce mai otel ba zai cece su ranar hisabi ba. Suka tashi suna istigfari, Tela yana leƙe ta bayan kafaɗata.

Sai Direba ya tambaye ki ko abin nan yana shiga waya. Ke kuma da kirki, kika karɓi wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya kika sa musu. Ban ce kin yi laifi ba. Rubuta cewa ban ce ba.

Ba a jima ba Direba ya zo da jajayen idanu, ya kwana biyu bai zo ba. Ashe yana kwance a gida ya kalle shirin har ƙarshe. Shi kuwa mutum ne da magana ba ta kwana a cikinsa. Ana cikin kallo ya nuna akawun otel ya ce a daina tausayinsa, shi ne ya sa wa otel ɗin wuta. Saje ya miƙe tsaye. Ya ce shekara da shekaru yana binciken wutar nan a ransa, har ya kusa kama mai laifi, wani ya zo ya lalata masa aiki. Direba ya ce shi ya sa ɓarayi suka yi ƙiba a zamanin aikinsa. Da ƙyar Tela ya shiga tsakani. Saje ya ɗauki sandarsa ya fita bai ko yi sallama ba.

Shi ke nan. Saje ya ce ba zai zauna benci ɗaya da mai tona ƙarshen labari ba. Direba ya ga ya riga ya gama, me zai zo yi. Tela kuma ya gane zai iya jingina waya a jikin keken ɗinki yana kallo yana aiki. Ba wanda ya ce ya daina zuwa. Kowa cewa yake sai gobe.

La'asar na yi babanku zai goge benci, ya jera kofuna, ya taje kai, ya zauna yana kallon ƙofa. Ba ya ma kunna talabijin ɗin. Abinci ya koma dawo mini yadda na kai shi. Na ce ya taka ya je wurinsu mana, ai ba nisa. Ya ce tun da yake bai taɓa bin kan mutum gida ba, kawuna ne ke zuwa wurinsa. Na ce to, girman kai dai ba ya cikin sunna. Ya yi kamar bai ji ba. Na koma kan sallayata na kai ƙara inda ake kaiwa.

Wata rana kina wurin aiki, zaman ya ishe shi, ya ce bari ya kunna da kansa. Hannun nan mai rawa, maimakon ya danna burauzar da kika yaba, sai ya danna tsohuwar. Ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, kamar tsohuwa na neman takalminta. Da ƙyar shirin ya fito. Ina ninke kaya a gefe. Ana tsakiyar rigima sai talla ta faɗo, ta sabulun wanki. Kafin ya yi tunani yatsansa ya kashe sauti, ya juya wajen benci ya ce, "Saje, kai a ganinka matar nan..."

Sai ya tsaya, domin ba kowa a bencin.

Ya daɗe yana kallon wurin. Ni kuma na ci gaba da ninke rigar da na riga na ninke. Tallar ta ƙare, wata ta shigo, bai mayar da sautin ba. Can ya ce mini, ashe su ba kallo ke tara su ba. Kallo kowa zai iya yi a gadonsa. Ɗan tsakanin nan ne da ake kashe sauti, shi ne aka toshe musu.

Da kika dawo kika ga abin da ke kan talabijin, kika kama salati, kika ce wa ya buɗe wannan, bari ki goge ta gaba ɗaya. Ya dafe kwamfutar da hannu biyu.

Kika ce, "Baba, wannan fa ita ce mafi muni a cikinsu."

Ya ce, "Ita nake so. Akwai wadda ta fi ta talla?"

Kika ce mutane har biya suke yi don a raba su da talla.

Ya ce, "Su suka sani. Ni ki bar mini mai nauyin jikin nan. Kafin ta buɗe an gaisa, an tambayi iyali."

Kika juyo kina kallona wai in sa baki. Na ce sharaɗina ɗaya ne, tallar intanet ba ta da kunya, wani lokaci sai a ga mace ba mayafi ba dalili. Ya ce wannan mai sauƙi ne. Ya ɗauko zanen aski, ya ce duk tallar da ba ta dace ba zai rufa wa talabijin shi a wuya har ta wuce.

Washegari ya sa takalmi ya fita, mutumin da ya ce ba ya bin kai gida. Bai roƙi kowa ba, kin san halinsa. Saje ne ya ba ni labari daga baya. Wai ya shiga ya zagaya shi sau biyu, ya ce wane maƙiyi ne ya yi masa wannan askin, ya zo gida a duba ko za a iya ceto wani abu. Da ya je wurin Direba, ya ce masa an samo sabon shiri wanda bai gani ba, na wani asibiti. A wurin Tela kuwa, ya ce masa tun da ya fara kallo a kan keke aljihun da yake ɗinkawa ke fitowa a karkace, duk unguwa ta sani.

Suka zo, suna ta ɓata rai kamar an tilasta su. Ya kafa doka. Kashi ɗaya a rana, kowa ya ajiye wayarsa a faranti a kan tebur, kuma ba mai wuce sahu a gida. Direba ya ɗaga hannu zai rantse da Allah, na leƙo na ce kada ya rantse, ya dai yi alkawari, don na san shi, kada ya jawo wa kansa kaffara. Talla ta farko na shigowa aka kashe sauti. Sai Saje ya ce likitan nan bai yi masa kama da mai gaskiya ba, Direba ya ce shi Saje ko jariri ya gani sai ya zarge shi. Ina kicin na ji muryar babanku ta hau sama tana raba gardama. Na ce alhamdulillahi, na ƙara ruwa a butar shayi.

Abin da kika faɗa na bin sawu kuma gaskiya ne, ki rubuta wannan don ki ji daɗi. Kin nuna musu yadda ake yi wa kwamfutar magana ta nemo abu. Ashe wani ya faki idon mutane lokacin alwala ya tambaye ta maganin furfura. Sai ga tallar baƙin rini na gashi, yau rini, gobe rini. Kowa na kallon kan kowa. Saje ya ce a yi bincike. Babanku ya ce ya san kawunan nan tun suna da gashi, ya san mai furfurar da ta ɓace, amma mai aski ba ya tona asirin kai. Tela dai tun ranar bai sake cire hula a falon nan ba.

Direba kuwa alkawarinsa bai yi nisa ba. Ba ya faɗin komai, wannan kam ya kiyaye. Amma ran nan motar asibiti na tafiya lafiya lau a kan titi, sai aka ji ya ce innalillahi. Sai can motar ta kife. Saje ya nuna shi da sanda ya ce a kore shi, ga hujja a fili. Direba ya ce shi tsohon direba ne, daga jin ƙarar taya ya san za a yi haɗari. Babanku ya ce kowa ya zauna, ba a shari'a ana shiri, a jira talla.

Har yau ba a yanke hukuncin ba. Kullum Saje na cikin jero hujja shirin zai dawo, babanku ya ɗaga rimot ya ce an ɗage zama sai talla ta gaba. Allah Ya bar su tare, Ya sa mu cika da imani. Ajiye biron haka, Auta, ki je ki ɗora ruwa, na ji sandar Saje a ƙofa.