Robar da Ta Ƙi Gam

Shan inna ya ci ƙafata ta hagu tun ina shekara uku, kuma tun daga lokacin nake tafiya da abin tallafi. Da na ƙarfe ne, mai nauyi, mai ƙara. Daga baya asibiti suka yi mini na farar roba mai tauri, wanda ya rungume ƙwaurina ya bi ta ƙarƙashin tafin ƙafa. Ba shi da nauyi, na ji daɗinsa. Aibinsa ɗaya ne: santsi. Takalmi ba ya shiga a kansa sai an yanka shi, don haka aka manna masa baƙin danƙo a ƙasa, shi ne tafin da nake takawa. Danƙon nan kuwa ba ya zama. Sati biyu, uku, sai ya fara ɗaga baki.

Akwai wani dattijo mai gyaran takalma, mutumin Mugulbu, da yake zama a bakin titinmu a Yelwa. Shi nake kai wa. Ya goge da sanfefa, ya shafa gam, ya bubbuga da guduma, ya ɗora dutse a kai. Ya canza gam kala uku. Ran nan ya miƙo mini yana girgiza kai.

"Malama, wannan roba naka ba ya son gam. Ni ban taɓa ganin irinsa ba."

Haka Hausarsa take, mace ma "kai" ce a wurinsa, kuma ban taɓa jin haushi ba.

A daminar da ta biyo baya ne na faɗi. Ina koyar da lissafi a wata sakandare, ajina yana bene, matakalar kuma an shimfiɗa mata tayil. An yi ruwa da safe, ɗalibai sun shigo da laima a ƙafa, danƙon ya ɓalle a mataki na huɗu, farar robar ta taka jiƙaƙƙen tayil. Na sauko da baya. Gwiwar hannuna ta fashe, allina ya watse.

Kashegari shugaban makaranta ya kira ni ofis. Ya yi mini sannu sosai, sannan ya ce ya yi tunani, zai mayar da ni ɗakin karatu a ƙasa, in riƙa lura da littattafai. Wani malami zai karɓi ajina.

Na ce, "Yallaɓai, ƙafata ce ta zame, ba lissafina ba."

Ya ce don lafiyata ne. Na ce na gode, amma ba zan bar ajin ba. In yana so ya sauko da ajin ƙasa, in ba haka ba zan ci gaba da hawa. Ya ce babu ɗaki a ƙasa. Na ce to shi ke nan, zan hau. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata, ya ce in na sake faɗuwa magana ta ƙare. Na tashi na fita.

Ina da ƙanwa, 'yar kawuna, da take aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata babbar makaranta a garin. Ta zo duba ni, ta ɗauki abin ƙafar tana jujjuyawa, sai ta tsoma yatsa a kofin ruwa ta ɗiga a kan robar. Ɗigon ya dunƙule ya gangara, kamar a kan ganyen gwaza.

Ta ce, "Adda, kin gani? Abin da ya ƙi ruwa haka, gam ma zai ƙi shi. Ba laifin tsohon ba ne."

Ta ce suna da wata 'yar na'ura da ke fitar da filasma, wato iskar da lantarki ya ratsa har ta koma wani abu mai haske kamar harshen wuta, amma ba ta ƙona roba. In aka bi da ita a kan fuskar robar, takan canza 'yar fatar da ke can sama, wadda ido ba ya gani, sai ta riƙa karɓar ruwa da gam. Sai dai canjin ba ya daɗewa, dole a manna nan take.

Na ce to da mai gam za mu je.

Ranar Laraba na ɗauki dattijon a keke napep, da gwangwanin gam ɗinsa da guduma a cikin buhu. A ƙofar ginin mai gadi ya tare shi, ya ce ba a shiga da talla. Na ce ba talla ba ce, ƙwararre ne na kawo, kuma in bai shiga ba zan zauna a nan bakin ƙofa in cire abin ƙafar a gaban kowa. Na fara kwance maɗaurin. Ya matsa gefe.

A ciki ƙanwata ta wanke robar, ta kunna na'urar. Wani siririn haske shuɗi mai ɗan ja ya fito daga bakinta yana tsuwwa, ɗakin ya ɗauki wari irin na bayan tsawa. Ta bi tafin da shi a hankali, layi bayan layi. Da ta gama ban ga wani bambanci ba, fari dai yana nan fari. Sai ta ɗiga ruwa a gefe. Ɗigon ya baje ya kwanta.

Dattijon ya ce, "Kai!" Ya goga yatsansa a gefen da aka bi, yatsan ya tirje, ya goga a inda ba a bi ba, ya sulɓe. Ya sake, ya sake. Ƙanwata ta ce, "Baba, bar taɓawa, shafa gam ɗinka." Ya zauna a ƙasan ɗakin mutane ya miƙe ƙafa, ya shafa, ya jira gam ɗin ya sha iska, ya haɗa danƙon da robar, ya hau bugu. Wani malamin ya leƙo don jin ƙarar guduma, ya tsaya kallo har aka gama.

Ban ce wa shugaban makaranta komai ba. Ran Litinin na hau bene kamar kullum, hannu ɗaya a ƙarfen matakala, ɗaya riƙe da littafi. An yi ruwa sau da yawa kafin ƙarshen watan, ni kuma na sa ɗalibaina suna goge matakalar kowace safiya, abin da ya kamata a ce makaranta ta yi tun farko. Wata ya ƙare, bai kira ni ba, ni ma ban je ba.

Danƙon ya yi wata goma sha ɗaya. Bai ɗaga baki ba, cinyewa ya yi a dunduniya har farar robar ta fara leƙowa. Da lokacin canzawa ya yi, dattijon ya sha wahala kafin ya ɓamɓare shi da wuƙa, yana yi yana mita cewa mun ɓata masa aiki.